Agogon Zanzibar da abin da ya tuna min game da Dutse

1/ Jama'a ku matso, yau tarihi za mu taɓa. Makon jiya na kai agogon bangon kakana wurin wani dattijo mai gyara a nan Dutse. Ya buɗe bayansa ya leƙa, ya ce: "Yaro, shekara nawa rabon agogon nan da mai?" Na yi tsit. Tambayar ce ta tuna min da wani agogo a tsibirin Zanzibar, ƙasar Tanzaniya.

2/ A 1883 Sarkin Zanzibar, Barghash bin Said, ya gina wani katafaren gida a bakin teku, Beit al-Ajaib, wato Gidan Al'ajabi. Shi ne gini na farko a tsibirin da ya samu wutar lantarki.

3/ Ranar 27 ga Agusta 1896, jiragen ruwan yaƙin Ingila suka yi wa fadar sarki luguden wuta kan rikicin gadon sarauta. Ko awa ɗaya ba a cika ba aka gama. Shi ake kira yaƙi mafi gajarta a tarihi. Da aka zo gyara a 1897, sai aka ɗora hasumiya mai agogo a goshin gidan.

4/ Sama da shekara 100 agogon nan shi ne fuskar garin, duk wanda ya sauko daga jirgin ruwa da shi yake fara cin karo. A 2000 UNESCO ta saka tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

5/ To amma damina da iskar teku ba sa duba takardar UNESCO. A 2012 wani ɓangare ya rufta, aka rufe gidan. Daga baya ƙasar Oman ta ɗauki nauyin gyara. Ranar 25 ga Disamba 2020, ana tsaka da aikin, gaban ginin ya zube har da hasumiyar agogon. Ma'aikata 2 suka rasu. Gyaran ya zo fa, a makare ya zo.

6/ Ku kwatanta da Big Ben na Landan, wanda ya fara aiki a 1859. Daga 2017 zuwa 2022 aka kwance injinsa aka gyara, aikin hasumiyar ya ci kusan fam miliyan 80. Tsada kam akwai, amma tun yana tsaye aka taɓa shi.

7/ Mu dawo gida. Ita ma Jigawa ranar 27 ga Agusta aka ƙirƙiro ta, a 1991, zamanin Janar Babangida, Dutse ta zama babban birni. Tun daga nan sai sabbin gine-gine: sakatariya, Jami'ar Tarayya a 2011, filin jirgin sama a 2014. Alhamdu lillahi.

8/ Amma me ke nuna wa baƙo cewa Dutse ta girmi 1991? Garu, tsohon gari a cikin duwatsu, da fadar sarki. Sai zanen mutanen da a jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Waɗannan su ne agogonmu. Titi in ya farfashe a sake zuba kwalta. Zanen Habude in ya goge, wa zai sake zana shi?

9/ Abin da muke iyawa ba ya buƙatar kwangila. Ku je Garu ku nemi izini ku ɗauki hoto. Ku zauna da tsofaffi ku naɗi muryarsu a waya, ku rubuta sunan kowace unguwa da asalinsa. In kun ga bango ya tsage, ku sanar da mai unguwa kafin damina.

10/ Agogon kakana dai ya tashi, mai kawai aka ɗiga masa aka share ƙura. Wane tsohon abu ne a garinku kuke tsoron a wayi gari babu shi? Ku ajiye hotonsa a ƙasa.