Takin da aka zubar a kogi, aka dawo ana tsintar sa

A shekarar 2017 ƙasar Jamus ta kafa wata doka da ta hana masu kula da magudanan ruwan birane barci. Daga 2029, duk matatar ruwan ƙazanta da ke ɗaukar abin da ya haura na mutum 100,000 dole ta riƙa tsamo sinadarin fosforas daga dagwalon da ke taruwa a cikinta, matsakaitan matatu kuma su bi sahu a 2032. Wa'adin ya ƙarato, masana'antun da za su yi aikin ba su wadata ba, ana ta ja-in-ja a kan kuɗin da abin zai ci. Ni dai abin da ya ja hankalina shi ne cewa fosforas ɗin nan shi ne harafin P da ke tsakiyar NPK a jikin buhun kamfa, wanda manominmu ke sayar da tunkiya don ya saya. Yaya aka yi ɗan Adam ya ɗauki abin da gona ke ƙishirwarsa ya koma yana kora shi da ruwa?

Zamanin da can babu dogon labari. Duk inda mutane suka taru suka yi birni, manoman kewaye sun san darajar abin da birnin ke fitarwa. A Sin an yi ɗaruruwan shekaru ana kwasar bayan gida zuwa gonaki. A Edo, wadda ta zama Tokiyo, saye ake yi, har masu gidajen haya na samun kuɗin shiga da masan gidajensu. Mu ma muna da namu. Ina yaro na sha ganin jakuna da sassafe sun nufi birni da itace ko kara, kafin la'asar sun juyo da mangala shaƙe da taki: toka, kashin awaki, sharar tsakar gida, ƙasar juji baƙa wuluk. Mai jakin zai zazzage shi tsibi-tsibi a gona tun da rani, ya bar shi sai damina ta kusa a baza. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin ƙauyukan kewayen Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa wannan zirga-zirga na cikin dalilan da suka sa ake noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba hutu, ba ta kuma mutu ba.

Shi kansa fosforas a fitsari aka fara gano shi. A 1669 wani mutumin Hambog mai suna Hennig Brand, cikin masu neman dabarar ƙera zinariya, ya tara fitsari mai yawa ya bar shi ya ruɓe, ya yi ta dafawa har ya samu wani farin abu mai haske a cikin duhu. Zinariya ba ta samu ba, kuma an ɗauki sama da shekara 150 kafin a fahimci abin da ya tsinta yake yi wa shuka. Bajamushen masani Justus von Liebig ne ya fito da bayanin a littafinsa na 1840: duk amfanin da aka girbe ya tafi da wani abu daga ƙasa, in ba a mayar ba ƙasa za ta gaji. Ya yi ta yi wa Turawan Ingila faɗa a kan yadda Landan ke tura albarkar gonakinta cikin kogi.

A nan ne nake rabuwa da yawancin masu ba da wannan labari. Abin da aka saba faɗa shi ne kwalara ce ta raba birni da gona. Wai bayan likita John Snow ya bi diddigin annobar 1854 har zuwa wani famfon rijiya a titin Broad, sai kuma ɗoyin kogin Tems na bazarar 1858 ya hana 'yan majalisa zama, aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanai a ƙarƙashin ƙasa, daga nan kowa ya gane ƙazanta guba ce aka daina kai ta gona. Duk waɗannan abubuwa sun faru, kuma magudanan sun ceci rayuka ba adadi, ba na musun haka. Sai dai lissafin shekarun bai ba da wannan ma'ana ba. Kasuwar masu kwasar masai a Landan ta fara durƙushewa tun kafin Snow. A farkon shekarun 1840 jiragen ruwa suka fara sauke kashin tsuntsayen teku daga tsibiran Cinca na ƙasar Peru, busasshe, mai ƙarfi, mai sauƙin ɗauka. A 1842 John Bennet Lawes ya yi rajistar dabarar jiƙa ƙashi da asid, irin wanda ke cikin ruwan batir, ya samar da takin da manoman gyaɗa a nan suka sani da suna supa. Manomin da ya samu buhu ɗaya da zai yi aikin amalanke guda, me zai kai shi cinikin ƙazanta? Da masu saye suka janye, ramukan masai suka cika suka tumbatsa, hukuma ta sa a haɗa gidaje da magudanai, komai ya kwarara cikin Tems. Wato arhar taki tana cikin abin da ya haifi ɗoyin kansa.

Hujja ta biyu ita ce bayan kwalara ma ba a daina ƙoƙari ba. Daga shekarun 1870 Balin ta sayi manyan filaye a wajen gari tana kwarara musu ruwan magudanai ana noma, Faris ta yi haka a Gennevilliers. Abin da ya karya su shi ne ruwa. Banɗaki mai kora da ruwa yana tsinka ɗan abin amfanin a cikin ruwa mai yawan gaske, sai ka nemi fili maras iyaka kafin ka shanye shi, ga birni na faɗaɗa, fili na tsada. Da Fritz Haber da Carl Bosch suka gano yadda ake kamo naitirojin daga iska, masana'antar farko ta fara aiki a 1913, ga kuma dutsen fosfat ana haƙowa a Fulorida da Arewacin Afirka, sai maganar ta mutu. A 1914 Edward Ardern da William Lockett a Manchesta suka bayyana dabarar hura iska cikin ruwan ƙazanta don ƙananan halittu su cinye dattin. Har yau ita ce ƙashin bayan matatun duniya, amma manufarta kawar da abu ce, ba wanda ya tambayi ina takin ya tafi.

Tabkuna ne suka ba da amsa. A shekarun 1960 tabkin Iri da ke tsakanin Amurka da Kanada ya cika da gansakuka, kifi na mutuwa, jaridu na cewa tabkin ya mutu. Masana suka zargi fosforas na magudanai da na garin sabulun wanki, kamfanonin sabulu suka ce a'a, sinadarin kabon ne. Wani masani mai suna David Schindler ya raba gardamar ta hanyar da ko wanda bai yi boko ba zai gane. A 1973, a dajin arewa maso yammacin Ontariyo, ya sami wani tabki mai siririn ƙugu da ake kira Tabki na 226, ya raba shi biyu da labulen roba. Ɓangarorin biyu ya zuba musu kabon da naitirojin, ɗaya kaɗai ya ƙara wa fosforas. Cikin 'yan makonni wannan ɓangaren ya koma kore shar kamar miyar kuka, ɗayan yana nan garau. Hoton da aka ɗauka daga sama ya yi abin da dogayen rahotanni suka kasa. Dokoki suka biyo baya, aka rage fosfat a sabulu, aka tilasta wa matatu cire shi daga ruwa kafin su sake shi.

Cire shi daga ruwa na nufin tara shi a dagwalo, a nan kuma wata matsala ta ɓullo. Ma'aikatan matatu suka riƙa tarar da bututunsu sun toshe da wani farin dutse mai tauri, sai da guduma da kurfi ake fasa shi. Sitrubait ne, haɗin maganiziyam da amoniya da fosfat, irin wanda kan taru ya zama tsakuwa a mafitsarar mutum. Abin sha'awa, a Hambog ɗin dai aka fara bayyana shi a 1845, lokacin da ake haƙa harsashin cocin Nikolai aka ci karo da shi a wani tsohon juji. Masu bincike a Jami'ar British Columbia suka ce, tunda dole sai ya ƙanƙare, a sa shi ya ƙanƙare a inda ake so. Suka ƙera wata doguwar tukunya da ruwan ke bi ta ƙasa ya hau sama, a ƙara masa maganiziyam, ƙwayoyin su yi ta girma har su kai kamar ƙwayar gero a kwashe. Kamfanin Ostara ya ɗauki dabarar, ya kafa ta a wata matata kusa da Fotland a 2009, sannan a babbar matatar Stickney ta Cikago a 2016. Abin da ake biyan kuɗi a fasa ya koma abin da ake zubawa a buhu a sayar.

Akwai masu cewa tsoron ƙarewar fosfat a duniya ne ya farfaɗo da binciken. Gaskiya ne a 2008 farashin dutsen fosfat ya ninka kusan sau takwas, a 2009 kuma Dana Cordell da abokan aikinta suka yi hasashen haƙarsa za ta kai ƙololuwa wajen shekarun 2030. Amma a 2010 aka sake ƙiyasi, aka ga abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya ninka yadda ake zato. Ban yarda ƙarewa ce matsalar ba. Matsalar ita ce a hannun wa yake. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ajiyar duniya na hannun Maroko, shi ya sa shirin takin gwamnatin Najeriya na 2016 ya dogara da yarjejeniya da ita, duk da cewa akwai fosfat a ƙasar Sakkwato da ta Tawa. Da Sin ta taƙaita fitar da nata a 2021, yaƙin Yukiren ya biyo baya a 2022, manomin da bai taɓa jin sunan waɗannan wurare ba ya ji a aljihunsa.

Wani zai ce, to a koma yadda aka saba mana, a kwashi dagwalon a kai gona. Ƙazantar yau ba irin ta jiya ba ce. Akwai ragowar magunguna, da ƙarafa masu guba daga masana'antu, da ɓarɓashin roba, da sinadaran PFAS da ba sa ruɓewa. Suwizalan ta hana baza dagwalo a gona tun 2006, jihar Maine ta Amurka ta hana a 2022 bayan an samu PFAS a rijiyoyi da madarar wasu gonaki. Shi ya sa Jamusawa suka karkata ga ƙona dagwalon su tsamo fosforas daga tokar. Mu ma mun ga irin wannan canji da idonmu. Tifar shara da manomi ke saye yau rabinta leda ce da fasassun kwalabe da matattun batura, ruwan kogin Jakara na Kano da ake ban-ruwan latas da shi kuwa ya gauraya da abin da masana'antun Bompai ke saki.

Saboda haka ɓangaren binciken da ya fi burge ni shi ne wanda ya koma tushe, ya ce kada ma a gauraya tun farko. Fitsari bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ruwan ƙazantar gida ba, amma shi ke ɗauke da kusan kashi 80 na naitirojin da kusan rabin fosforas ɗinsa, kuma yawancin ƙwayoyin cuta a bayan gida suke. Cibiyar binciken ruwa ta Eawag a Suwizalan ta sarrafa shi ya zama takin Aurin, wanda hukuma ta amince a sa wa kayan abinci a 2018. A Suwidin ana busar da shi ya zama gari.

Mu da ba mu kashe dukiya wajen gina magudanan gauraya ba, nan ne muke da rinjaye, kuma matan Maraɗi sun riga sun gwada. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san masarar da ta fito a bakin rariyar makewayi ta fi ta ko'ina duhun ganye da kauri. A wajen 2009 wani shiri a yankin Agye na jihar Maraɗi ya koya wa manoma tara fitsari a jarka, suka sa masa suna takin ruwa. Bayan haka matan ƙungiyar manoma ta Fuma Gaskiya, waɗanda galibi gonakinsu ne mafi nisa da rashin ƙarfi, suka haɗa kai da Hannatou Moussa ta cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, da masana daga Jami'ar Hohenheim. Suka kira shi Oga don a iya ambatonsa a bainar jama'a ba kunya. Ana rufe jarka ruf a ajiye ta wata biyu zuwa uku, amoniyar da ke tashi a ciki da zafin rana su kashe ƙwayoyin cuta, sannan a zuba a gindin gero. Daga 2014 zuwa 2016 an yi gwaji 681 a gonakin matan da kansu, sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna zangarniyar gero ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Na san tambayar da ke bakin mai karatu, domin ni ma ita na fara yi: ba najasa ba ce? Najasa ce, wanda ya taɓa sai ya wanke jiki da tufa kafin salla. Amma hukuncin abin da ya tsiro daban ne, Muhtasar na Shehu Halil da ake karantawa a zaurukanmu ya lissafa shukar da aka shayar da najasa cikin abubuwa masu tsarki. Inda malaman Malikiyya suka yi saɓani shi ne cinikinta, wannan kuwa zai taso ne ranar da wani ya fara sayar da jarka. Abin da ya fi damun masu aikin a gona shi ne wari, da nauyin jarka mai lita 25 a kan mace mai tafiyar kilomita da yawa, da samun jarkokin da za su isa ajiyar wata uku. A kan waɗannan ukun nake so in ga ɗalibanmu na aikin gona a Kano da Zariya da Maraɗi sun duƙufa, musamman dabarar busarwa, tunda rana dai ba mu rasa ta ba.