Ƙarfen Awon Bango na Maginan Jidda

Jama'a, akwai wani dunƙulen ƙarfe mai tsini da ake ɗaura wa igiya, magini ya sake shi daga bisa ya duba ko bango ya miƙe. Larabawa suna ce masa shaƙul. Yau masu tara kayan da suna nemansa da kuɗi, shi ya sa muka ga ya kamata 'yan'uwanmu na zango su ji asalinsa.

A ƙasar kakanninmu ba a cika bukatarsa ba. Maginin Hausa da tubali da laka yake aiki, ya yi gindin bango da kauri, ya riƙa sirantawa yana hawa, idonsa ne ma'auninsa. Ta wannan hanya Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya.

Jidda kuwa dabam take. Da dutsen murjani ake gininta, wanda ake sarowa a bakin teku, ana ce masa manƙabi. Dutse ne marar ƙarfi, ga ƙasar garin da laushi da gishiri. Bayan da aka buɗe mashigin Suwes a 1869 ciniki ya bunƙasa, attajirai suka shiga ɗora bene bisa bene, hawa huɗu har biyar, don ganuwar da Husaini Alkurdi ya gina tun 1509 ta matse garin. To, bango mai tsawo haka in ya karkace ko da yatsa guda daga ƙasa, kafin a kai bisa ya zama masifa. Saboda haka bayan 'yan layuka kaɗan sai a shimfiɗa katako a cikin bangon ya raba nauyi, mu'allimi ya saki igiyarsa, sa'an nan a ci gaba. Gidan Nasif, wanda aka fara a 1872 aka gama a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, ginin wannan zamani ne.

Ina mutanenmu a nan? Takarir, yadda ake kiranmu, suna zaune a bukkoki bayan ganuwa, a Nakatu. Sun ƙaru bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, jama'a suka yi ta hijira gabas. Dako da aikin ƙarfi ne abincinsu. Amma gidajen sunan attajirai suke amsawa, na masu ɗaukar dutse ba a rubuta ba.

A 1947 aka rushe ganuwar, siminti ya kori murjani. A 2014 Unesco ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, kayan aikinsa suka yi daraja. Raɓar tekun Jidda ba ta barin baƙin ƙarfe.

A ganinmu wanda ya tarar da shi a akwatin kakansa kada ya yi garajen sayarwa. Ya goge tsatsar, ya shafa mai, ya tambayi tsofaffin gida sunan mai shi da unguwar da ya yi aiki, ya rubuta a takarda ya ɗaura jikin igiyar.