Makalar Mako: Yadda Tambayoyin Koyon Furogiramin Suka Sauya Tun 1960

Da yawanmu a wannan zaure muna koyon rubuta furogiram, wasunmu kuma suna koyarwa. Yau za mu waiwayi tarihin irin tambayoyin da ake gwada ɗalibi da su, domin tambaya marar kyau ta sa mutane da dama sun ajiye karatun suna zaton ba su da ƙwaƙwalwarsa.

A 1960 Jack Hollingsworth na kwalejin Rensselaer da ke Amurka ya wallafa bayanin wani furogiram mai duba aikin ɗalibai. A lokacin kan katuna masu huda ake rubuta umarni, a zura su cikin kwamfutar IBM 650. Na'urar takan gudanar da aikin ɗalibi ta ce daidai ne ko kuskure. Malami ya huta, amma ɗalibi bai san inda ya kauce ba.

A shekarun 1980 Elliot Soloway na Jami'ar Yale ya shahara da tambayar ruwan sama. Ana so ɗalibi ya yi ta karɓar adadin ruwan da aka yi kowace rana har sai an shigar da 99999, sannan ya fitar da matsakaicinsu. Ga ta kamar mai sauƙi, amma ta kayar da ɗalibai masu yawa. Sun san madauki, sun san sharaɗi, sun san rabawa. Haɗa su wuri guda ne ya gagare su.

A 2001 wani rukunin malamai ƙarƙashin Michael McCracken ya gwada ɗalibai 216 daga jami'o'i 4, aka ce su rubuta furogiram mai yin lissafi irin na kalkuleta. Matsakaicin makinsu bai kai 23 cikin 110 ba. Sai a 2004 Raymond Lister da abokan aikinsa suka ɗauki wata hanya a ƙasashe 7. Maimakon su ce a rubuta, sai suka miƙa gajeren furogiram suka ce a bi shi layi-layi a faɗi abin da zai fitar. Nan aka gano da yawa daga cikin masu rauni ko karanta furogiram ba su ƙware ba, balle rubutawa.

A 2006 Dale Parsons da Patricia Haden a ƙasar Niyu Zilan suka fito da wata dabara: a ba ɗalibi layukan furogiram daidai amma a hargitse, shi kuma ya jera su. Ta haka ake auna tunaninsa ba tare da mantuwar waƙafi ko baka ta kayar da shi ba.

Darasin da muka ɗauka shi ne, da rarrafe yaro kan tashi. Idan za mu tsara tambayoyi, mu fara da karantawa, sai hasashen sakamako, sai jerawa, sai gyara kuskure, rubutawa daga farko ta zo ƙarshe. Kowace tambaya ta auna abu guda, ta yadda amsar da ba daidai ba za ta nuna mana ainihin inda ɗalibi ya maƙale. Yanzu da ChatGPT ke iya rubuta amsa cikin daƙiƙu, tambayar "bayyana mana me layi na 4 yake yi" ta ƙara daraja.

Malaman cikinmu, wace irin tambaya kuka fi bayarwa a makon farko? Mu ji daga gare ku.