Akwatin hazo: na'urar da ke nuna sawun tururin nukiliya

Akwatin hazo, wanda ake kira chambre à brouillard da Faransanci, na'ura ce da ke bayyana sawun ƙananan ƙwayoyin da ke fita daga ma'adinai irin su yuraniyom. Ido ba ya ganin waɗannan ƙwayoyi, hanci ba ya jin warinsu, amma idan suka ratsa cikin akwatin sai su bar farin layi siriri kamar zare.

Yadda yake aiki

Duk mazaunin Duwala ya san yadda kwalbar ruwan sanyi ke yin gumi da zarar an fito da ita daga firji: laimar iska ce ke taruwa a jikinta. Akwatin hazo ma da wannan dabara yake aiki. Ana cika akwatin gilashi da tururin alkohol, a sanyaya gindinsa da busasshiyar ƙanƙara mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifili. Tururin da ke kusa da gindin yana gab da komawa ruwa, abin kamawa kawai yake jira. Idan ƙwaya mai cajin lantarki ta wuce, sai ɗigo-ɗigon alkohol su jeru a kan hanyarta.

Daga siffar layin ake gane ƙwayar. Ta alfa takan bar layi mai kauri, gajere, na 'yan santimita. Ta beta siririya ce mai karkace-karkace. Miƙaƙƙen layi dogo kuwa galibi na muwon ne, wadda ke sauko mana daga sararin samaniya dare da rana.

Tarihi

Charles Wilson, masanin kimiyya ɗan Sikotland, shi ya ƙirƙiro na'urar bayan ya yi nazarin gajimare a dutsen Ben Nevis a 1894. Ya ɗauki hotunan sawun ƙwayoyin a 1911, ya sami kyautar Nobel a 1927. Da irin wannan akwati Carl Anderson ya gano ƙwayar pozitiron a Amurka a 1932.

Abin da ya shafe mu

Akwai yuraniyom a ƙarƙashin ƙasa a Poli da Lolodorf a Kamaru, kuma tun 1971 ake haƙarsa a Arlit ta Nijar. A 2003 ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa ta gano tsofaffin ƙarafa masu tururin nukiliya a kasuwar Arlit. A Goiânia ta Barazil, a 1987, an fasa tsohuwar na'urar asibiti aka sayar wa masu gwangwan, mutum huɗu suka rasu. Wannan darasi ne ga duk mai cinikin tsohon ƙarfe, a New Bell yake ko a Kano.

Sai dai akwatin hazo na makaranta ne da ɗakin gwaji. Yana nuna akwai tururin, amma ba ya faɗin yawan abin da ya shiga jikin mutum. Wannan aikin na'urar Geiger ne da ma'aunin da ma'aikatan asibiti ke maƙalawa a riga. Wanda ya ga ƙarfe mai alamar fuka-fuki uku a kan launin rawaya, kada ya taɓa, kada ya fasa. Ya nisance shi, ya sanar da hukuma. Kamaru ta kafa hukumar ANRP a 2002 domin kare jama'a daga irin wannan haɗari.