Naira da Sefa: Ranar da jaka ta haɗu da jika

Kwanan baya ina hira da wani dattijo da ya taɓa dillancin kaset a Kano, sai na tambaye shi su wa suka fi sayen finafinanmu a lokacin da kasuwa ke ci. Bai yi wata-wata ba ya ce, "Ɗana, mutanen Nijar. Ba don sun fi mu son kallo ba, don kuɗinsu ya fi namu nauyi." Wannan magana ce ta sa na koma bin diddigin tarihin naira da sefa.

Mai karatu, bari mu fara da sunayen. A Nijeriya idan aka ce jaka ana nufin naira 200, domin a da jaka fam 100 ce, kuma da aka kawo naira ran 1 ga Janairu, 1973, a zamanin Gowon, naira biyu aka ba fam ɗaya. A Maraɗi ko Damagaram kuwa, jika sefa 1,000 ce, wato dala 200, tunda su dala biyar-biyar suke ƙirga sefa. Kalma ɗaya ce, amma Ingila da Faransa suka raba ta biyu.

Sefa ta girme wa naira nesa ba kusa ba. Faransa ce ta ƙirƙiro ta ran 26 ga Disamba, 1945, don ƙasashen da take mulka a Afrika, ta kuma ɗaure ta a jikin kuɗinta. Daga 1960 sefa 50 ce faran ɗaya na Faransa, kuma haka abin ya tsaya cik har sama da shekara 30. Ita kuwa naira, man fetur ne ubangidanta. Idan ya yi tsada ta yi ƙiba, idan ya faɗi ta rame.

A 1980 naira ɗaya ta kusa dalar Amurka biyu a farashin gwamnati. A lissafin nan, jikar Nijar ba ta kai naira uku ba! Wato mai jaka ɗaya a Kano yana riƙe da fiye da jika 70. Shi ya sa a lokacin 'yan ci-rani ke kwararowa kudu, don kowa naira yake nema.

Sai aka zo Afrilun 1984. Gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakoki don kada kuɗin da ke waje su dawo. 'Yan kasuwar Nijar da suka tara naira a gida suka wayi gari da takardun banza. Ga fari, ga hanyar shigo da hatsi a toshe. Har yau a ƙasar Hausa ta Nijar ana kiran yunwar wannan shekara da sunan 'Yal Buhari. Ni a ganina tun daga nan ne amana ta fara lalacewa tsakanin mutanen can da kuɗinmu, tun kafin darajarsa ta zube. Zubewar ta biyo baya a Satumbar 1986, sa'ad da Babangida ya sakar wa kasuwa linzamin naira a ƙarƙashin shirin SAP.

To, a cikin wannan yanayi aka haifi harkar fim ɗinmu, domin Turmin Danya ya fito a 1990. Duk faɗuwar da naira ta yi, kaset ɗin Kano sai ya ƙara araha ga mai sefa. Ya zo Wapa ya canja kuɗinsa, ya cika kwali, ya koma. Furodusa yana murna ya yi ciniki, bai san da rabon canji a cikin farin jinin fim ɗinsa ba.

Ita ma sefa ta sha nata kashin. Ran 12 ga Janairu, 1994, bayan wani taro a Dakar, aka zaftare rabin darajarta, faran ɗaya ya koma sefa 100. A dare ɗaya kayan Nijeriya suka yi wa Banijare tsada. Amma abin bai daɗe ba, don naira ta ci gaba da gangarawa a kasuwar bayan fage, duk da Abacha ya kafe dala a kan naira 22 a takarda. Daga 1999 aka mayar da ɗaurin sefa jikin yuro, a kan 655.957, kuma har gobe nan take.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, wajen 2002 zuwa 2003, daidai lokacin da kaset ke tashe, jika ɗaya ta zo daidai da naira 200 ko kusa da haka. Jaka ta haɗu da jika, ɗan Kano da ɗan Maraɗi suka yi ciniki da kalma ɗaya, ma'ana ɗaya, ba tare da an tambayi ta wa ake nufi ba. Haɗuwar ba ta yi ƙarko ba. Bayan da Tinubu ya sake sakin naira a Yunin 2023, a 2024 jika ɗaya ta haura naira 2,000, wato sai ka ba da jaka fiye da goma kafin a miƙo maka jika guda.

Da na karanto wa dattijon nan lissafin, sai ya yi shiru, can ya ce da ya sani, da cinikin da ya yi a shekarun kaset a sefa ya ɓoye shi.