Daga tabarma zuwa kujerar roba: tarihin zaman waje a garuruwanmu

A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ɗaki wurin ajiyar kaya ne da fakewa daga ruwa. Rayuwa a waje ake yinta: tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, bakin zaure, gindin itace. Don haka tarihin wurin zamanmu yana kan abin da muke shimfiɗawa a ƙasa in rana ta yi sanyi, da wanda ke da ikon zama bisa me.

Gidan Bahaushe na dā, irin wanda har yanzu ake gani a unguwar Birni ta Damagaram, yana da matakai. Ƙofar gida akwai dakali, tudun ƙasa da aka gina jikin bango. Sai zaure, inda maigida ke karɓar baƙi maza. Can ciki kuma tsakar gida, hurumin mata. Ado ma haka aka raba shi. Na waje aikin magina ne: zanen da ake tayarwa a fuskar gida da ɗanyar ƙasa, da zanko a kusurwar soro, don mai wucewa ya san gidan wane ne. Attajiran Birni da Zango sun yi gasa a wannan, musamman bayan garin ya bunƙasa a zamanin Sarki Tanimu, tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da ayarin Tarabulus da na Kano ke haɗuwa a nan. Adon ciki kuwa na mata ne, kuma babbansa shi ne daɓe. Mata su taru da maɗaɓai, a zuba tsakuwa da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, a yi ta bugu ana waƙa har ƙasa ta yi santsi da ƙarfi. Wurin da aka daɓe da kyau ana share shi da tsintsiya ba ya tashi.

Kayan zama ba su da yawa. Tabarmar kaba, buzu na malami ko dattijo, gadon kara, da ƴar kujerar mata da ake sassaƙawa daga gungume guda. Ku lura da wannan ta ƙarshe. Kafin zuwan Nasara, a gidan talaka kujera kayan aikin mace ce, ta girki da wanki da kitso. Namiji a ƙasa yake zama. Wanda ke zama sama da jama'a shi ne sarki, bisa karaga, kuma harshe bai manta ba: har gobe muna cewa wane ya hau gadon sarauta. Tsayin wurin zama magana ce. Ka samu dattijo bisa tabarma, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa a gefe, ba ka hau shimfiɗarsa sai ya ce bismilla.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda kula da waɗannan kaya ta bi kalandar noma. Maƙiyansu huɗu ne, rana da ruwa da ƙura da gara, kuma kowanne an san lokacinsa. Bayan girbi, in kara ya samu, ake sabunta rumfa da danga, a saƙa zana. Gab da damina ake yaɓe, a toshe tsagar dakali da bango kafin ruwan fari ya same su. Tabarma kuwa ba ta kwana a ƙasa. A kakkaɓe ta, a naɗe, a rataye ko a ɗora bisa wani abu, don gara na iya cin gefenta a dare guda in ƙasa da laima. In ruwa ya taɓa ta a shanya ta ta bushe sarai kafin a naɗe, in ba haka ba ta yi baƙi ta ruɓe. Bakinta in ya fara warwarewa, a ɗinke da sabuwar kaba. Da la'asar yaro ya share ƙofar gida ya yayyafa ruwa, ƙura ta kwanta, iska ta yi sanyi. Babu mai kiran wannan ado, amma shi ne adon.

Kabar kanta tana da gida. Ganyen ƙaramar goriba ce, kuma kwarin da ya ratsa ƙasar Mayahi a jihar Maraɗi daga gare ta ya samu suna: Gulbin Kaba. Matan karkara da yawa da saƙar tabarma da igiya suke cike giɓin rani.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka mayar da babban birni Yamai a 1926. Tare da bariki da lakwal aka samu tebur da benci da kujera mai jingina, aka kuma samu wani sabon mutum mai zama sama ba tare da rawani ba: akawu, mushe, tafinta. Sunayen ma sun nuna hanyar da kayan suka biyo. Mu ƴan mulkin Faransa ne, amma tebur da benci da roba duka daga Ingilishi suke, ta bakin ƴan uwanmu na Kano da Katsina suka iso mu. Kasuwa ta fi gwamna ƙarfi wajen raɗa suna. A zamanin nan ne kuma aka yaɗa itacen da ke ba mu inuwa a yau, wanda asalinsa Indiya: wasu su ce bedi, wasu dogon yaro, wasu dalbejiya. A Maraɗi, bayan ambaliyar 1945 ta sa an tayar da gari daga kwari zuwa tudu, an yanka tituna miƙaƙƙu masu faɗi, ƙofar gida ta daina zama lungu ta koma fili.

Wannan filin ne samari suka gada. A farkon shekarun 1990, lokacin Taron Ƙasa na 1991 da yajin aiki da shekarun karatu da suka lalace, sai kuma karyewar darajar sefa a 1994, matasa marasa aiki suka fara kafa wuraren zama a bakin titi, suka kira su fada. Galibi ana danganta mafarin abin da Damagaram. (Ga masu buga rubutu da na'urar da ba ta da ƙugiya: fada ta sarki daban, faɗa na dambe daban, ko da yake wani lokaci na biyun kan ɓarke a ta farkon.) Ɗaukar sunan ba wasa ba ne. Wanda ba shi da zaure, ba shi da mata, ba shi da albashi, ya share gefen bango, ya rubuta sunan ƙungiyarsu da fenti, ya aje benci da rediyo da butar shayi bisa gawayi, ya ce nan fadarmu. Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta wallafa littafi sukutum a kan fada a 2019. A Damagaram kalmar ta ma shiga Faransanci ta dawo da wata ma'ana: "palais" ake ce wa gungun ƴan tauri irin waɗanda Aisha Maki ta nuna a fim ɗinta na 2021 kan unguwar Kara-Kara.

Sai kujerar roba. Ta shigo da arha, ba ta da nauyi, gara ba ta cin ta, ana jera ashirin a kan juna a kai gidan biki haya. Ta yi abin da ba a taɓa yi ba: almajiri da alhaji suna zama tsayi ɗaya. Ban raina wannan ba. Amma ranarmu tana gasa ta har ta yi fari ta bushe, wata rana ƙafa ta karye ƙarƙashin baƙo. Ana ɗinke tsagar da waya ko a liƙe da ƙarfe mai zafi, ko a ɗora biyu masu rauni su zama ɗaya, sai dai gyara ne na ƴan makonni. Wanda ke son tasa ta daɗe, inuwa kawai zai ba ta, ya daina barin ta a fili da tsakar rana. Tabarmar roba ma haka: ta fi ta kaba launi, ana wanke ta da ruwa, amma tana ɗaukar zafi, kuma kowace da aka saya kuɗi ne da bai je Gulbin Kaba ba.

A ganina, kayan zamani da suka fi dacewa da mu ita ce kujerar ƙarfe mai saƙar igiyar roba, wadda masu walda ke yi a kowace unguwa daga Tawa har Yamai. Iska na ratsa ta, ba ta riƙe ruwa. Igiya in ta tsinke, mai saƙa ya warware ya sake wata cikin yini guda, da launin da kake so. Ƙafafun in sun fara tsatsa, a goge a shafa fenti kafin damina, daidai lokacin da kakanninmu ke yaɓen dakali.