Asalin Kalmar Famfo

Tun kafin zuwan Turawa, Hausawa suna da sunayen abubuwan da ruwa ke bi ta cikinsu. Akwai indararo, wanda magina ke kafawa a bakin soro don ruwan sama ya zuba nesa da bango, kada ya ci gini. Akwai kuma bututu, watau kowane abu mai tsawo wanda ke da rami a ciki. To, ga waɗannan sunaye a hannu, me ya sa da aka shimfiɗa ƙarfen ruwa cikin birane ba a kira shi da ɗayansu ba, sai aka ce famfo?

Amsar tana cikin labarin ruwan Kano. A da, mutanen birni rijiya suka dogara da ita, da kududdufai, watau ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, ruwan damina ya taru a ciki. Nan ake wanki, nan dabbobi ke sha, wanda rijiya ta yi masa nisa kuwa nan yake ɗiba. Irin wannan ruwa shi ke kawo kurkunu, wanda kan kwantar da ƙaton manomi daidai lokacin da gona ke nemansa, ga kuma atuni da ke ɗauke yara. Da rani ya tsananta, rijiyoyi su ja baya, mata su kwana suna jiran ruwa ya tsatso.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya hau gadon sarauta a 1926, En'e ta fid da kuɗi masu yawa daga Baitulmali, aka gina gidan ruwa a bakin kogin Calawa, kudu da birni. Aka buɗe shi a 1931, tare da wutar lantarki. Injin ne ke zuƙo ruwan, a tace, sa'an nan ya tura shi cikin ƙarfe har bisa Goron Dutse, daga can ya gangaro unguwa unguwa. Da fari mutane da yawa sun yi ɗari-ɗari da shi. Sannu a hankali ƙishirwar bazara ta raba gardama.

Wannan injin mai tura ruwa, sunansa na Turanci ne bakin Bahaushe ya lanƙwasa ya zama famfo. Harafin farkonsa baƙo ne gare mu, sai aka mai da shi f, kamar yadda aka yi wa fensir da fasinja, aka kuma ƙara masa wasali a ƙarshe. Amma talaka bai taɓa ganin injin ba, yana can Calawa. Abin da ya gani shi ne ƙarfen da ya ɓullo a ƙofar gidan mai unguwa, a murɗa, ruwa ya zubo. Saboda haka suna ya baro injin, ya bi ƙarfe, har ya sauka a kan abin murɗawa. Sai ka ji an ce famfo ya fashe, ko an ɗauke famfo, ko a tafi famfo ɗibar ruwa, alhali kowanne da abin da ake nufi. Mai keke kuwa ya riƙe ma'anar asali, in zai ba taya iska.

Indararo kuwa ba zai yi ba, don aikinsa fid da ruwa daga gida ne, ba a kuwa shan abin da ya zubar. Bututu ya jira zamaninsa: da aka gina matatar mai ta Kaduna a 1980, ƙarfen da ke kawo mata ɗanyen mai daga kudu bututu aka kira shi, ba wanda ya ce famfo. Sunan nan ya tsaya ga ruwa, ya bi shi har ƙauye, inda ake kiran rijiyar burtsatse mai hannu famfon tuƙa-tuƙa.